Ƙofar da Na Wanke

Zawadnik, Poland
4 ga Fabrairu

Zuwa ga yayata Radka,

Bayan gaisuwa mai yawa da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Bastien da ɗiyarki Noemi. Yaya tarin nata, ya sauka? Yaya aikin makaranta? Mu nan ƙalau muke, sai sanyi. Ƙanƙara ta rufe akurkin kajin surukata Mama Bronia, har sai da mijina Witek ya haƙa musu hanya da shebur.

Na san za ki yi dariya, ki ce ga waya a aljihuna amma na zauna ina rubuta wasiƙa kamar matan cikin littattafaina. Yi dariyarki. A waya katse ni kike yi, abin da zan faɗa kuwa yana so a bar shi ya zo a jere.

Ranar Asabar ta makon jiya na wanke ƙofar gidanmu. Tun daga ranar ba abin da ya koma yadda yake.

Rana ce ta fito bayan kwana goma ba mu gan ta ba. Da safen na gama karanta wani ɗan littafi, labarin 'yar mai gadin fitilar bakin teku da wani likitan jirgin ruwa, kuma kin san halina idan labari ya ƙare da daɗi, sai in ji ina son in gyara duniya. Na ɗora ruwa, na wanke tagogi, na goge matakala, na zo kan ƙofa. A samanta akwai rubutun allin nan na Ranar Sarakuna Uku, idin Kirista na farkon Janairu, haruffa uku na sunayen sarakunan da shekara. Kin tuna a gida Opava, can ƙetaren iyaka, yara ne ke zuwa da hular takarda su yi waƙa su rubuta, Mama ta ba su alewa, bayan mako guda ta sa tsumma ta goge don kada ya ɓata fenti. Abin da na yi ke nan. Na taka kujera na goge, har ina jin daɗin yadda katakon ya fito fes.

A nan ashe ba wasan yara ba ne. A coci ake sa wa allin albarka, maigida ne ke rubutawa da hannunsa, kuma rubutun yana nan sai wata shekarar. Bara muna gidan haya a birni, inda ba ruwan kowa da ƙofar wani, shi ya sa ban sani ba. Da Fada Alojzy ya zo zagayen gidaje a watan jiya, rubutun ya fara ɗaga kai ya duba kafin ya cire hula. Na ga ya duba. Na ɗauka tsayin ƙofar yake aunawa, don dogo ne.

Ina kan kujerar sai maƙwabciyarmu Pani Genia ta leƙo ta shinge ta ce, "Amaryar ƙetare, yau har sarakunan ake wa wanka?" Na ce mata ai sun yi ƙura ne. Ta yi dariya, ni ma na yi. Wayarta na hannunta, ban kawo komai ba.

Kafin rana ta faɗi hoton ya hau shafin ƙauye na intanet. Hotuna biyu ne a jere. Ɗaya ƙofar Pan Mroczek da allinta, ɗaya tamu, tana ɗigar ruwa. A ƙasa an rubuta: wacce za ku ƙwanƙwasa?

Kin dai san Witek ya fito takarar shugaban gunduma a zaɓen Afrilu, kuma Pan Mroczek ne ke kan kujerar shekara da shekaru. Shi ne ke riƙe sanda ɗaya ta rumfar Fada idan an fito zagayen gari ranar idi. Yana so a rufe makarantar ƙauyen a riƙa kwasar yara a bas zuwa birni. Witek kuwa a makarantar ya yi karatu, a nan yake koyar da labarin ƙasa, kuma ita kaɗai ta sa shi takarar. Ba shi da wata magana sai ita, ko a kan abinci.

Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofar da takalminsa na ƙanƙara, ya daɗe yana kallon sama. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ta yi kyau, Jitka." Ya shigo ya zauna bai cire kwat ba.

Washegari da sassafe na ji jan kujera a waje. Shi ne, ya sake rubutawa da allin makaranta da ya samu a aljihun wandonsa. Wannan ya fi gogewar muni. Mama Bronia ta ce duk ƙauyen an san farin allin makaranta, an kuma san ba a kai shi coci ba. Pani Genia ta gaya wa mata a kanti wai sarakunan gidanmu sun mutu sun tashi a kwana ɗaya, sun riga kowa.

Yau Lahadi na bi su coci kamar kullum, na zauna a baya wajen hita. Ina son zuwa, kamar yadda nake son gidan wasan kwaikwayo: kyandirori, waƙa, mutane cikin kayansu masu kyau. Bayan sujada Fada yana karanta sanarwa, ranar share maƙabarta da sauransu, sai ya ƙara da cewa zaɓe na tafe, shi ba ya gaya wa kowa wanda zai zaɓa, amma mutum ya duba gidan da zai damƙa wa gari, tun daga ƙofa. Bai ambaci suna ba. Kawuna suka juyo layi bayan layi, kamar iska ta bi ta gonar alkama.

Yanzu kowa ya tuna abin da dā ma ya sani: ba a taɓa yi mini baftisma ba, aurenmu kuma na ofis ne kawai. Shekara guda ba wanda abin ya dama.

Abin mamaki, ban ji tsoro ba. Ji nake kamar ina karanta labarin wata, ina son in ga shafi na gaba.

Ki gaida Bastien, ki sumbaci Noemi a goshi. Kada ki gaya wa Mama tukuna.

Ƙanwarki,
Jitka


Zawadnik
19 ga Fabrairu

Yaya Radka,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kuna lafiya. Na ji daɗi da tarin Noemi ya tafi. Takardarki ta iso, na karanta sau uku, har da wurin da kika ce mini sakarya. Na karɓa.

Na ce kada ki gaya wa Mama, kika gaya mata. Ta kira ni tana dariya har tari ya sarƙe ta. Wai a Opava ɗan takarar da ya soma maganar coci ƙuri'ar kakarsa kaɗai zai samu, ita ma in ta ji abin da ya ce. Ke kuma kin rubuto cewa a makarantarku ta Faransa an sa abokiyar aikinki ta tura sarƙar gicciyenta cikin riga. Na zauna da taswirar Witek ina dubawa. Daga nan zuwa gidan Mama awa biyu ce a mota, dutse ɗaya ne a tsakani. A can a ɓoye, a wajenku a tura cikin riga, a nan a rubuta saman ƙofa. Ban san wanda ya raba abin haka ba.

Ranar Alhamis ta cin fanke, wadda ake yi kafin azumin Ista, 'yan kwamitin Witek suka taru a kicin ɗinmu. Mama Bronia ta soya fanke mai jam cike da kwano biyu. Babbansu Rysiek ne, makanike, abokin Witek tun suna yara, mutum mai son lissafa mutane da yatsu masu baƙin mai. Ya ce matasa namu ne, masu yara a makaranta namu ne, amma matan ƙungiyar addu'a sun kai ɗari uku idan an haɗa ƙauyuka biyar, kuma su ne ba sa fashin zaɓe ko ana ruwan duwatsu. Kafin ƙofa rabinsu na tare da mu. Bayan ƙofa babu.

Ina zuba shayi ya juyo ya ce, "Matar shugaba, ruwa ne fa kawai, ɗan kofi guda a ka. Ranar da kika wanke ƙofa kin fi haka jiƙewa." Suka yi dariya. Witek ya ce ya bar masa mata ta huta, in ba haka ba ya ƙwace fanken hannunsa.

Amma da suka tafi, ina wanke kofuna yana gogewa, sai ya ce ko zan je in yi magana da Fada, magana kawai. Bai kalle ni ba, kofin yake kallo. Ya ce yara arba'in da ɗaya ne a makarantar, akwai 'yan shekara shida da za su riƙa tsayawa jiran bas da duhun safiya. Shi kansa, Yaya, zuwansa coci bai wuce na al'ada ba, rabin sujadar a waje yake yi da maza suna hirar taya da farashin itace. Na tuna masa. Ya ce gaskiya ne, amma shi a ciki aka haife shi, ba mai tambayarsa.

Na je ranar Talata. A hanya na gama shirya Fada a raina yadda ake shirya irinsa a littafi: siririn baki, sanyin ido, zobe. Sai na tarar da tsoho cikin rigar sanyi mai huda a gwiwar hannu, da na'urar ji a kunne, da wata ƙatuwar kyanwa a kan takardunsa. Ya ba ni shayi da ruwan 'ya'yan itace da ya dafa da kansa. Na ɗan ji haushi, don ya ɓata mini labari.

Ya ce baftismar babba ba burodi ba ce da za a shiga kanti a fito da ita, shekara guda ake koyo. Amma akwai matakin farko. Ranar wata Lahadi mutum ya tsaya a ƙofar coci gaban jama'a, Fada ya tambaye shi abin da yake nema, ya ce bangaskiya, a zana masa gicciye a goshi, a rubuta sunansa a littafi. Shi ke nan. Ya ce sha bakwai ga Maris za ta yi. Na tambaye shi me ya sa ranar. Ya ce lokacin sanyi ya ragu, ba za a sha wahalar tsayuwa a waje ba. A kalandar da ke bayansa an zagaye ranar zaɓe da jan biro, mako uku bayan nan.

Da zan tashi ya ce shi ma ba ya son a rufe makarantar, a can yake koyar da yara addini shekara ashirin da biyu. "Amma 'yata, mutanen nan sun ga ƙofa. Ba ni abin da zan faɗa musu."

Na ce zan riƙa zuwa koyo duk Talata. Ban yi alkawarin Lahadin ba. Na faɗa masa haka, na faɗa wa Witek haka, kowannensu ya ce to, da irin muryar wanda ya riga ya ji e.

Ki rubuto, ko da zagi ne. Gaisuwa ga mutanen gida.

Taki,
Jitka


Zawadnik
6 ga Maris

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Yaya Bastien da bayan nasa? Ki ce masa ya daina ɗaukar kaya shi kaɗai. Nan ƙanƙara ta soma narkewa, ko'ina taɓo.

Kin ce in tattara kayana in taho wajenki har zaɓe ya wuce. Na gode, amma ba zan zo ba. Akwai abin da ban gaya miki ba, kuma ina roƙonki wannan karon kada ya kai kunnen Mama.

Idan na fito daga wajen Fada ranar Talata, nakan bi ta cikin cocin don ta nan hanya ta fi kusa. Da rana ba kowa. Warin kakin kyandir ne kawai da na jiƙaƙƙun riguna da ya rage tun Lahadi. Akwai wata taga mai shuɗin gilashi, wajen ƙarfe uku haskenta kan sauko kan benci na huɗu. Talata ta biyu na zauna a wurin don in ɗaure igiyar takalmi, sai na daɗe. Ban shirya ba, na ji ina yi wa Baba magana. Ba addu'a ba, ban iya ba. Na dai gaya masa na yi aure, mijin yana da kirki, ina ma ya gan shi. Shekara tara da rasuwarsa ban taɓa yin haka ba, ko a kabarinsa. Kuma na ji kamar ba bango nake yi wa magana ba.

Ban san sunan abin ba. Wataƙila shi ne abin da suke nufi. Wataƙila kuma irin abin nan ne da nake ji a shafi na casa'in na littattafaina idan jirgi ya bar gaɓa. Ƙarami ne ƙwarai, kamar ɗan tsako a tafin hannu. Na koma Talatar da ta biyo, yana nan. Ba wanda na gaya wa sai ke.

Ranar Juma'a Rysiek ya kawo kwalaye uku na takardun kamfe. Hotonmu ne ni da Witek a bakin ƙofa, allin makaranta a saman kawunanmu. Na yi kyau a hoton, ba zan ɓoye miki ba. A ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta cewa iyalin suna gayyatar kowa ƙofar coci ranar sha bakwai ga Maris, domin taya Jitka murnar matakinta na farko.

Na kai wa Witek guda. Ya ce bai ga wannan layin ba kafin a buga. Ya fita ya ba kaji hatsi, ya dawo ya ce ya gani. Wannan halin nasa ne ya sa na aure shi, ƙaryarsa ba ta wuce minti goma.

Takardun sun yi aiki. Matan da suka daina amsa gaisuwata yanzu su ke fara gaishe ni. Pani Genia ta kawo kek ɗin cuku har gida, ta kama kumatuna ta ce, "Amaryarmu." Ƙetaren ya faɗi a hanya. Rysiek ya ce cikin ɗari ukun nan ɗari da hamsin sun dawo, saura suna jiran su gani da ido.

Jiya muna naɗa pierogi da Mama Bronia, ita tana murza ƙullu ina cusa dankali da cuku, sai ta ce ta lura ba na cin abinci. Na ci gaba da cusa dankali. Can ta ba ni wani labari da ko Witek bai taɓa ba ni ba. Lokacin da aka haife shi, zamanin mulkin jam'iyya ɗaya, mahaifinsa ne shugaban wannan makarantar, kuma shugaban makaranta ba ya kai ɗansa baftisma in yana son kujerarsa. Sai ta sa jaririn a kwandon kai kaya kasuwa, ta rufe shi da bargo, ta ɗora albasa a gefe, ta shiga bas zuwa wani ƙauye mai nisa inda ba a san su ba. A can aka yi, ƙofa a kulle, mai share coci ce shaida. Mijinta ya zauna a ofis ranar yana buɗe taga don kowa ya gan shi.

Ta ce, "Ni na ɓoye nawa don makarantar nan, ke za ki nuna naki don ita. Ina bambancin? Masu mulki suna canza abin da suke son gani, mu dai mu san abin da za mu sa a kwando."

Na tambaye ta ko ta ji kunya a ranar. Ta ce ba ta da lokacin kunya, yaron ya yi ta kuka, albasa ta shiga idonsa. Ta kuma ce in daina cika dankali, suna fashewa.

Na yi ta juya maganarta. Tana da gaskiya ta wani gefen. Sai dai ita ta san abin da ke cikin kwandonta, ɗa ne mai rai da suna. Ni ban san abin da ke cikin nawa ba tukuna, ga shi an buga ranar buɗe shi.

A littattafaina idan aka kai nan, wasiƙa kan zo daga wani kawu da aka manta, ko gobara ta tashi, komai ya warware. Na duba akwatin wasiƙa, takardar wutar lantarki ce kawai.

Ki gaida Noemi, ki ce na ga zanen dokinta, na manna a jikin firji.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Jitka


Zawadnik
15 ga Maris

Yaya Radka,

Ina gaishe ki, ina gaida Bastien da Noemi, da fatan kowa lafiya. Mu ma lafiya. Wannan ba za ta yi tsawo ba.

Ranar Laraba aka yi gwaji. Fada ya nuna mini inda zan tsaya a kan matakalar coci, Witek a damana, Mama Bronia a baya. Rysiek ya zo shi ma, yana auna inda mai hoto zai tsaya don hasumiya ta fito. Fada ya buɗe littafinsa ya tambaye ni me nake nema. Kafin in amsa Rysiek ya ce in ɗan juyo hagu, inuwa ta rufe mini fuska. Na juya. Fada ya sake tambaya, na ce bangaskiya.

Ta fito da kyau, Yaya. Muryata ta ɗan yi rawa daidai inda ya kamata. Mama Bronia ta share ido, Rysiek ya ce ko a talabijin sai haka. Ni kuma kamar ina tsaye a gefe ina kallon kaina, matar nan mai shuɗin kwat, ina cewa ta iya.

Jiya da ƙarfe uku na koma benci na huɗu. Hasken ya sauko kamar kullum. Na zauna kusan awa guda. Ɗaki ne mai sanyi, da benci, da taga. Na nemi abin da zan ce wa Baba, sai na ji ina gyara muryata.

Daga can na wuce makaranta. Yara sun tashi, Witek na goge allo. Na gaya masa komai, har da bencin, har da Baba. Ya saurara da tsumma a hannu. Bai yi mini dariya ba, bai kuma ce na yi daidai ba. Ya ce idan ban fito ba bayan an raba takardu dubu biyu, za a ce mun yi wa coci wasa, wannan kuwa ya fi ƙofa. Ya ce wataƙila ya faɗi ko na fito, amma in ban fito ba ya faɗi ya gama.

Na tambaye shi mu fa. Ya daɗe yana ninke tsumman. Ya ce, "Ina sonki, Jitka. Amma ranar da bas ya zo ɗaukar yaran nan, ban san da wane ido zan dube ki ba. Ba zan ce miki na sani ba."

Na duba ƙananan kujerun, da ƙugiyoyin rataye riga, kowace da sunan yaro. Ba ƙaramin abu yake roƙo a kansa ba, na sani. Na dawo gida a ƙasa ta cikin taɓo ina neman yadda zan ba shi kalmar nan ta bangaskiya ranar Lahadi in kuma rage wani abu nawa. Ban samu ba. Sau ɗaya na faɗe ta don hoto, bencin ya zama katako. In na faɗe ta gaban gari duka, na san ba zan sake zama a wurin ba, kuma duk Lahadin da ta rage mini a ƙauyen nan matar nan mai shuɗin kwat ce za ta riƙa zuwa.

Yau da safe na je wajen Fada na faɗa masa na fasa. Ya ji ni har ƙarshe yana shafa kyanwarsa. Ya ce zai iya gaya wa jama'a mura ta kama ni. Na ce lafiyata ƙalau, kada ya faɗa. Ya ce to ba shi da abin faɗa ke nan, kuma shirunsa ma za a ji shi. Na ce na sani. Har na kai ƙofa ya tambaya ko zai gan ni ranar Talata. Na ce ba kafin zaɓe ba, bayansa kuma ban sani ba. Ya ce shayin yana nan.

Na sa sunana a rajistar masu zaɓe tun watan jiya, ƙuri'ata ta Witek ce. Kwali guda na takardun ya rage, na sa almakashi ina yanke layin ƙasa, gobe zan bi gida gida in raba, in an buɗe mini. Ba zan taho Faransa ba, ba zan tafi Opava ba, sai in shi ya ce in tafi. Yanzu kina iya gaya wa Mama.

Ki gaida kowa da kowa, ki riƙe mini Noemi da kyau.

Witek zai dawo cin abincin rana nan da rabin awa, miya na kan wuta. Idan ya zauna zan gaya masa: ranar Lahadi ba zan tsaya a ƙofar cocin ba.

Ƙanwarki,
Jitka